Jin daɗin zaman ɗan lise da makinsa na lissafi

 

Zancenmu na yau a kan ƴan lakkol ne, manyan, waɗanda suka gama firamare suka shiga kwaleji da lise. In kana da ɗa ko ɗiya a can, ka san ranar da a ke kawo takardar sakamako gida. Ko ba ka jin faransanci, ka san inda za ka ɗora yatsa, watau layin lissafi. In ka ga 14 bisa 20, sai ka ce madalla. In kuwa 5 bisa 20 ka gani, ran nan gida ya ɗauki zafi. Ba mu ga laifinka ba, domin lissafi ƙofa ne. Yana da nauyi a jarrabawar BEPC. Shi ne kuma ke raba yara in sun shiga lise: wasu a kai su sashen A, na adabi da harsuna, wasu a kai su sashen C ko D, hanyar da likitoci da injiniyoyi da malaman gona su kan bi.

Akwai wata tambaya da ba a cika yi ba ran nan. Shin yaron yana jin daɗin zamansa na duniya? Jin daɗin nan, ko rashinsa, yana da wata alaƙa da makin da ke kan takardar? Wasu iyaye na cewa yaro mai walwala ba ya karatu, sai an matse shi. Wasu na cewa a'a, in hankalin yaro ya kwanta, maki zai zo da kansa. Masu bincike sun daɗe suna auna wannan al'amari, kuma abin da suka gano bai ba ko wane ɓangare cikakkiyar gaskiya ba.

Bari mu fara da yadda a ke awon. Akwai wata ƙungiya ta ƙasashe, galibinsu masu arziki, da a ke kira OCDE, mazauninta a birnin Paris. Tun shekarar 2000 ta ke shirya wata jarrabawa mai suna PISA, ta ƴan shekara 15, a kan karatu da lissafi da kimiyya. Ƴan shekara 15, a wajenmu su ne ƴan ajin ƙarshe na kwaleji ko ajin farko na lise. A shekarar 2015 yara wajen dubu 540 suka zauna wannan jarrabawa a ƙasashe da yankuna 72. A wannan shekara ce aka ƙara musu wata tambaya wadda ba ta lissafi ba. Aka ce wa ko wane yaro: in ka dubi rayuwarka gaba ɗaya a kwanakin nan, yaya ka gamsu da ita? Zaɓi lamba daga 0 zuwa 10. Sifiri, ba ka jin daɗi ko kaɗan. Goma, ba abin da ya dame ka.

Nijar ba ta cikin ƙasashen da suka yi PISA. Awon da ƙasarmu ta shiga shi ne PASEC, na ƙasashe masu amfani da faransanci, a 2014 da 2019, shi kuwa na ƴan firamare ne. Saboda haka lambobin da za ku ji na ɗiyan wasu ne. Amma in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka san abin da a ke yi.

Da aka haɗa amsoshin ƙasashen OCDE, tsaka-tsakinsu ya tsaya a 7,3 bisa 10. Cikin ko wane yara 100, wajen 12 suka zaɓi 4 ko ƙasa da 4, watau suka ce ba su jin daɗi. Ƴan mata kuma sun fi maza faɗin haka. Cikin maza 100, 39 suka ce sun gamsu ƙwarai, cikin mata 100 kuwa 29 kaɗai.

Abin mamaki ya fito ne da aka jera ƙasashe. Yaran Jamhuriyar Dominika, wata ƙasa a tsibiran Karebiyan, su suka fi kowa cewa suna jin daɗi, 8,5 bisa 10. Su ne kuma suka zo na ƙarshe a lissafi, da maki 328, alhali tsaka-tsakin OCDE 490 ne. Yaran Meziko sun ce 8,3, makinsu 408. Ka juya gabas, ka dubi Koriya ta Kudu: maki 524 a lissafi, jin daɗi 6,4. Japan maki 532, jin daɗi 6,8. Hong Kong maki 548, jin daɗi 6,5. Mai gaggawa da ya ji haka sai ya ce: kun gani ko, ashe sai da ɓacin rai a ke iya lissafi.

Kada ka yi saurin yarda da shi. Ga Suwizalan, makinta 521, jin daɗin yaranta 7,7. Ga Holan da Finlan, duka biyu sun wuce maki 510, yaransu kuma sun kusa 8 bisa 10. Waɗannan sun samu biyun a hannu ɗaya. Ga kuma Turkiyya, wadda ta rasa biyun a wannan shekara, maki 420, jin daɗi 6,1. Da ɓacin rai shi ke kawo lissafi, da yaran Turkiyya sun wuce kowa.

Akwai wani abu kuma da mu Hausawa ya kamata mu fi kowa ganewa. Ko wace al'umma da yadda ta ke amsa tambaya. Mutanen gabashin Asiya sun saba zaɓen lambar tsakiya, ba su son cika baki. Mutanen Latin Amurka kuwa ba su jin nauyin cewa goma. Mu fa? Ka tarar da mutum ya wuni yana noma cikin rana, ka ce masa ina gajiya, ya ce ba gajiya. Ka je gai da majinyaci, ya ce da sauƙi. To haka ɗanka zai amsa maka in ka ce yaya lakkol. Zai ce lafiya lau, ko da kwana uku ke nan bai yi barcin kirki ba. Riƙe wannan, za mu koma kansa.

Gwada ƙasa da ƙasa ke nan bai isa ba. Sai a shiga cikin ƙasa ɗaya, a gwada yaro da yaro. Da aka yi haka a 2015, aka ga tazarar jin daɗi tsakanin masu ƙoƙari da na baya ba ta da yawa a galibin ƙasashe. A 2018 wata mai bincike a Jamus, Susanne Bücker, ita da abokan aikinta suka tattara bincike 47 da aka yi a wurare dabam dabam a kan jin daɗi da sakamakon karatu. Suka tarar alaƙar tana nan, mai ƙoƙari ya ɗan fi jin daɗi, amma ƴar siririya ce. Ma'ana, na ɗaya a aji yana iya zama mai baƙin ciki, na hamsin kuma yana iya kwana da dariya. Takardar sakamako ba za ta gaya maka halin da zuciyar ɗanka ta ke ciki ba.

To in igiyar siririya ce, me ya sa mu ke ɓata lokacinku? Domin jin daɗin rayuwa babban buhu ne, kome da kome na ciki: lafiya, abinci, abokai, zaman gida. In aka kwance buhun, a kan tarar da abu guda wanda ya ɗaure da lissafi tamau, shi ne tsoro.

A PISA ta 2012, wadda lissafi ne babban darasinta, an tambayi yara a kan haka. A ƙasashen OCDE, cikin yara 100, 59 suka ce su kan damu cewa darasin lissafi zai yi musu wuya. Wajen 33 suka ce jikinsu kan ɗaure in za su yi aikin lissafi na gida. Wajen 30 suka ce in suna gaban tambaya su kan ji kamar ba su da wata dabara. Da aka gwada da maki, aka ga in tsoron yaro ya hau mataki ɗaya a ma'aunin da aka yi amfani da shi, makinsa kan sauka da wajen 34, kusan karatun shekara guda ke nan. An kuma ga ƴan mata sun fi maza wannan tsoro, ko da makinsu ɗaya ne.

Yaya tsoro ke cin lissafi? Bari mu yi aikin tare, ka gani da kanka. Tiya 8 ta wake, ko wace tiya dala 47 a misali, nawa ke nan? Ka ce 7 sau 8, 56. Ka ajiye 6, ka riƙe 5. Sa'an nan 4 sau 8, 32. Ka haɗa da 5 ɗin da ka riƙe, 37. Dala 376. To ina ka ajiye 5 ɗin nan lokacin da ka ke aikin 4 sau 8? A cikin kai, a wani ɗan wuri da masana ke kira ma'ajiyar aiki. Wurin nan ƙarami ne, kamar faifai, abu kaɗan ya ke ɗauka a lokaci guda. Yanzu ka ɗauka kana wannan lissafi, wani yana tsaye a kanka da bulala, ko kana tunanin abin da za a ce maka a gida in ka faɗi. Tunanin nan shi ma a kan faifan zai zauna. Da ya hau, sai 5 ɗin ta faɗi. Yaro ya rubuta 326, malami ya ja jan biro, a ce ba shi da kai. Alhali kuwa ya iya, wuri ne ya ƙare masa. Wasu masana biyu na Amurka, Mark Ashcraft da Elizabeth Kirk, sun nuna haka a 2001: masu tsoron lissafi sun fi yin kuskure daidai a inda a ke buƙatar riƙe lamba a kai.

Shi ya sa ka kan ga yarinya mai talla, wadda ba ta taɓa ɓatar da dala ɗaya wajen canji ba, ta tsaya a gaban allo ta kasa cewa uffan. A birnin Recife na Birazil an gwada yara masu saye da sayarwa a titi, aka buga sakamakon a 1985. A bakin kayansu kusan ko wace tambaya sun amsa daidai. Da aka rubuta musu lambobin nan a takarda irin ta lakkol, ko rabi ba su ci ba. Namu yaran kuma suna da ƙarin kaya, tun da lissafin a cikin faransanci a ke ba su shi. Sai sun fara fassara tambayar kafin su taɓa lamba, fassarar ma a kan faifan nan ta ke zama.

Lissafi ya bambanta da sauran darussa ta wata hanya. In yaro ya yi zazzaɓin sati biyu, ya rasa darasin tarihin daular Songhai, ba zai hana shi gane tarihin Borno ba in ya dawo. Lissafi kuwa gini ne, jeri bisa jeri. Wanda bai gane rabawa da kashe-kashen lamba ba, watau rabi da sulusi da rubu'i, zai sha wuya in an zo lissafin haruffa, inda a ke neman x. Wani bincike na 2012, wanda ya bi yara a Amurka da Ingila, ya nuna sanin rabawa da kashe-kashen lamba a firamare yana nuna yadda yaro zai kasance a lissafin babbar makaranta shekaru biyar ko shida gaba. Saboda haka 5 bisa 20 da ka gani a ajin farko na lise, sau da yawa ramin da ya haife ta an haƙa shi tun shekarun baya. Faɗa ba ya cike rami. Sai an koma an nemi jerin da ya rushe.

Sai ka ce, wanne ya riga wani, tsoron ne ya kawo faɗuwa ko faɗuwar ce ta kawo tsoro? Wannan sai an bi yara shekara da shekaru kafin a sani. An yi haka a jihar Bavariya ta Jamus, inda Reinhard Pekrun da abokan aikinsa suka bi yara fiye da dubu 3 daga aji 5 zuwa aji 9, ko wace shekara suna auna makinsu na lissafi da abin da su ke ji game da shi. Sakamakon ya fito a 2017. Yaron da ke jin daɗin lissafi bana, makinsa kan ƙaru baɗi. Wanda makinsa ya ƙaru bana, jin daɗinsa kan ƙaru baɗi. Haka nan fushi da tsoro da kunya da gundura da fid da rai, su ja maki ƙasa, makin da ya sauka ya ƙara musu ƙarfi. An ga haka ko bayan an cire bambancin kaifin ƙwaƙwalwa da na arzikin iyaye. Abin yana juyawa ne kamar guga a bakin rijiya, ko ya yi sama ko ya yi ƙasa. A ganinmu wannan labari ne mai daɗi, domin abin da ke juyawa ana iya tare shi ta ko wane gefe. Malami ya tare ta gefen maki, ya ba yaro aikin da zai iya ci yau, ya ɗanɗani nasara. Uba da uwa su tare ta gefen zuciya.

Akwai wani yaro da mu ke so ku tuna da shi musamman, shi ne na ɗaya a ƙauye. Shekara huɗu a kwalejin karkara ba wanda ya taɓa wuce shi a lissafi. Ya ci BEPC, an kai shi lise a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa ko Yamai. A ajinsa sabo, kowa na ɗaya ne a inda ya fito. Wata uku ba su cika ba ya ga kansa na talatin. Kansa bai ragu da kome ba, amma shi gani ya ke ya zama daƙiƙi. Wani masani, Herbert Marsh, ya bayyana wannan tun cikin shekarun 1980, ya kira shi al'amarin babban kifi a ƙaramin tabki: yara biyu masu ƙoƙari ɗaya, wanda ke cikin aji mai ƙarfi ya fi raina kansa. Ka ƙara da cewa yaron namu yana zaune a gidan mai masauki, nesa da uwarsa, watakila shi ke ɗebo ruwa da asuba, watakila ya tafi aji ba koko a cikinsa. Sai da ruwan ciki a kan ja na rijiya. Ko a ƙasashen OCDE, masu arzikin nan, PISA ta 2022 ta tarar cikin yara 100 wajen 8 sun ce a ko wane sati akwai ranar da ba su ci abinci ba don rashin kuɗi. In ka aika wa mai masauki buhun hatsi, ka aika wa yaron da magana kuma. Ka gaya masa na talatin a babban tabki ba abin kunya ba ne.

Mu zo kan masu cewa yawan karatu ne ke ɓata wa yara rai, a rage musu. Rahoton 2015 bai goyi bayansu ba. Ba a ga wata alaƙa bayyananna tsakanin yawan awoyin karatu da jin daɗin rayuwa ba. Yawan jarrabawa ma ba shi ke ƙara tsoro ba. Abin da aka ga yana tafiya da tsoro shi ne halin malami. Yaran da suka ce malaminsu kan taimake su ɗaya ɗaya in sun kasa, tsoronsu ya fi sauƙi. Waɗanda suka ce malami na raina ƙoƙarinsu, tsoronsu ya fi yawa. Ku malamai masu saurarenmu, mun san aji ɗaya na iya cika maƙil, mun san aikin da nauyi. Amma karanta maki da ƙarfi a gaban aji, daga na sama har na ƙasa, ana dariya, ba ya rage muku aiki ko kaɗan, yaron kuwa zai ɗauki dariyar nan ya shiga da ita jarrabawa ta gaba.

Tsoro kuma ana gadonsa. A 2010 Sian Beilock da abokan aikinta a Chicago suka duba malamai mata na ƙananan azuzuwa. Inda malama ke tsoron lissafi, kafin ƙarshen shekara ƴan matan ajinta sun fi yarda cewa lissafi na maza ne, waɗanda suka yarda da haka kuma makinsu ya fi sauka. Uwa, in kin ce wa ɗiyarki mu mata ba mu da kan lissafi, kin ɗora mata dutse a kan faifai. Ke da ke riƙe da lissafin adashen mata ashirin a kai, ba takarda ba biro, wa ya ce ba ki da kan lissafi?

Tsakanin 2018 da 2022, shekarun da cutar korona ta rufe makarantu a ƙasashe da yawa, makin lissafi na ƙasashen OCDE ya faɗi da wajen 15, faɗuwar da ba a taɓa gani ba tun fara PISA. Jin daɗin yara ma, da ya ke 7,3 a 2015, ya sauka wajen 7 a 2018, ya ƙara sauka ƙasa da 7 a 2022. Saukar biyun tare ba ta nuna ɗaya ne ya ja ɗaya ba, tun da jin daɗin ya fara sauka kafin cutar ta zo.

Yanzu mu koma kan lafiya lau ɗin nan da ɗanka ke amsa maka. A 2015 an tambayi iyaye a wasu ƙasashe abin da su kan yi da ɗiyansu. Yaran da iyayensu ke cin abinci tare da su, ko su zauna su yi hira da su haka kawai, ko su tambaye su yadda lakkol ke tafiya, sun fi cewa suna jin daɗin rayuwa. Ba ko ɗaya cikin ukun nan da ke buƙatar faransanci. Sai dai tambayar ce za ka sake wa fasali. Yaya lakkol, amsarta lafiya lau. Gwada cewa: me aka koya muku yau a lissafi, nuna mini. Ko ka ce: wane wuri ne ya fi ba ka wuya? Ka ba shi lissafin gonarka ya yi maka, dami nawa aka samu, zakka nawa za a fitar, buhun taki nawa kuɗin zai saya. Ka lura da barcinsa da cinsa in jarrabawa ta matso. In ka ga yaron da ya saba surutu ya yi shiru kwana da kwanaki, ko ya fara ciwon ciki ko wace ranar da a ke lissafi, kada ka jira takardar sakamako. Tashi ka je ka ga malaminsa, ka tambaye shi daga wane darasi yaron ya fara ɓacewa, da wanda zai iya zama da shi cikin ƴan ajinsu su koma kan darasin.